GPS na cikin mota, na hannu ko na waya: wane ya hi dacewa da hanyoyinmu na Maradi? Tambayoyi da amsoshi

Sana'ata sa ekran da rediyo cikin motoci, da ɗan gyaran ƙananan na'urori nan cikin Maradi, kuma tambayoyin ga kusan kullum sai an yi mini su, direbobin kasuwa, ƴan kabu-kabu, ma'aikatan proje masu shiga daji, har da Alhazai da suka sawo mota sabuwar shigowa. Shi ya sa na tara su wuri guda. Tun yanzu in faɗa muku inda na tsaya: a ƙasarmu ba na'urar ba ce abin dubawa na farko, taswirar da ke cikinta ce.

Wai shi GPS ɗin nan mine ne, kuma da gaske sai da forfe yake aiki?

A'a ɗan uwa, kuma nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. GPS taurarin ɗan adam ne na sojojin Amurka, an harba na farko a 1978, tsarin ya cika a 1995. Suna yawo sama da kilomita 20,000 bisa kanmu, kowane shina zagaya duniya sau biyu a yini, ana buƙatar 24 don a game duniya duka amma yanzu masu aiki sun kai wajen 30. Abin da suke yi kawai aiko da sigina mai ɗauke da lokaci da wurin da suke, na'urarka ta saurara, in ta kama huɗu ko hiye sai ta yi lissahi ta gane inda kake tsaye. Saurare kawai take yi, ba ta aika komi sama, kuma ba a biyan ko dala. Kana iya cire pus ɗinka gaba ɗaya, GPS na wayar shina nan shina aiki ko kana tsakiyar dajin Gadabeji.

Abin da ke cin forfe shi ne taswirar, wato zanen hanyoyi da sunayen garuruwa da ake shimfiɗa ma ɗigon naka. In babu ita za ka ga ɗigo shuɗi shi kaɗai cikin farin hili, ya san inda kake amma ba shi da abin da zai gwada maka.

Kuma yanzu ba na Amurka ne kaɗai ba. Rasha na da GLONASS, Turai na da Galileo, Sin na da BeiDou da ta kammala a 2020. Yawancin wayoyin yanzu suna haɗa biyu ko uku ko duka suna saurare, mu dai mun saba ce ma su duka GPS.

Alhaji ya sawo mota mai GPS tun daga kamfani, amma taswirar ba ta nuna komi a nan. Ta lalace ne?

Lahiyarta lau. Motocin da suka shigo mana ta Kwatano ko Lome yawancinsu sun yi rayuwarsu ta farko a Turai ko Amurka, taswirar da ke cikinsu kuwa ta can ce, tana kan faifai ko kart memuwar ko cikin ƙwaƙwalwar na'urar. Sai ka ga kibiya tana yawo cikin baƙin hili, ko ta nace motar tana wani gari na Beljika inda aka kashe ta rana ta ƙarshe. Kamar ka ɗauko ɗan jagora ne da ya san lungunan Faris duka ka ce ya kai ka Soura Bildi.

Tambayar da ke biyo baya kullum ita ce ko ana iya sa mata ta Nijar. Gaskiya a mahi yawan motocin ba a iyawa, don kamfanonin suna sayar da taswira yanki yanki ne, Turai daban, Amurka ta Arewa daban, ƙasashen Larabawa daban, kuma da wuya ka samu wanda ya yi ta Afirka ta Yamma mai cikakken bayani. Ko an samu ma manyan gudoron kawai za ka gani. Don haka in dillali ya ƙara maka kuɗi don wai motar na da GPS, kar ka yarda wannan ya shiga ciniki, sai dai in ekran ɗin na da kamarar baya ko shina karɓar waya, wannan kam abin biya ne.

Ba wai na cikin mota ba shi da kirki ba ne. Eriyarsa na bisa mota inda ba abin da ya tare ta, ba ruwansa da caji, ekran ɗin babba ne ba ka ƙura ido, kuma shina haɗe da abin auna gudun taya, ko sigina ta ɗauke na ɗan lokaci shina ci gaba da ƙiyasin inda kake. A ƙasar da aka yi shi dominta abu ne mai kyau ƙwarai. Nan ne dai bai da abin karantawa.

To mine ne Android Auto da CarPlay da ake ta faɗi?

Wannan shi ne mahita ga mai motar da ba ta tsufa sosai ba. CarPlay na Apple ya hito a 2014, Android Auto na Google a 2015. Ka haɗa wayarka da motar da waya ta USB, wasu motocin ma ba sai da ita ba, sai taswirar wayar ta hito bisa ekran ɗin motar, murya ta hito ta lasifika. Wayar ce ke aikin, motar aron huska kawai ta ba ta. Kahin ka biya kuɗin mota ka jona wayarka ka gani da idonka.

In motar tsohuwa ce akwai ekran na Android da ke zuwa daga Sin, ana cire tsohon rediyo a sa shi, ka zuba mishi manhajar taswira kamar waya. Abu biyu nike roƙon mutane su duba. Na ɗaya ƙwaƙwalwar aiki, mai giga 1 zai wahal da kai, kana tuƙi taswira tana tsayawa tana tunani, ka nemi mai giga 2 zuwa sama. Na biyu ƴar eriyar GPS da ke zuwa cikin kwalin, ƴar baƙa mai doguwar waya, kar a cusa ta ƙarƙashin ƙarhe don a ɓoye waya, a sa ta kusa da gilashin gaba inda take kallon sama. Rabin ekran ɗin da ake kawowa ana cewa GPS ɗinsu bai aiki, eriyar ce aka bizne.

Cikin manhajojin waya wace zan sa? Google Maps ko akwai wadda ta hi ta?

Ni ba na ce ma mutum ya zaɓi guda, biyu nike cewa ya sa.

Google Maps, wadda ta fara tun 2005, ita ce gwanar cikin gari. Asibitoci, bankuna, gidajen mai, tashoshin manyan bas, otal, jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, duk za ka same su da suna, kuma tana da hoton sama wanda ke gwada maka gidaje da itatuwa da gonaki, wanda sau da yawa ya hi zanen hanyar amfani, don ko hanyar ba ta cikin taswira kana ganin sawunta fari cikin hoton. Tana barin ka sauke wani yanki ka aje cikin waya, ka ja murabba'i ka game Maradi da kewaye lokacin da kake da rezo mai kyau ko wifi. Sai dai in babu intanet hanyar mota kawai take lissafa maka, ba ta ba ka ta ƙasa, hoton sama bai buɗewa, kuma abin da ka sauke shina da wa'adi, sai kana sabunta shi.

Ta biyun ita ce ɗaya daga cikin masu aiki da OpenStreetMap, wata taswira da aka fara a Ingila a 2004 wadda jama'a ne da kansu ke zana ta kyauta. Organic Maps, OsmAnd da Maps.me duk daga rijiya guda suke sha. Kyawunsu shi ne ka sauke Nijar sukutum sau ɗaya, daga Gaya har Bilma, shi ke nan kai da forfe sai ranar sabuntawa. A wurare da dama ƙananan hanyoyin ƙauye da rijiyoyi da makarantu sun hi hitowa a cikinsu, don ma'aikatan agaji da matasa masu sa kai sun zana su. Organic Maps ta hi sauƙi ga wanda bai son dogon latse-latse, OsmAnd kuwa ta masu haƙuri ce amma tana iya rubuta sawun hanyar da ka bi ka komo ta kanta.

Waze, wadda Google ta saye a 2013, ƙarhinta direbobi ne masu ba da labarin cunkoso da haɗari nan take. Inda masu amfani da ita ba su da yawa ba ta da abin faɗi, kuma tana son intanet kullum. Ban ga dalilin da ɗan Maradi zai cika wayarsa da ita ba.

Ina rubuta sunan garinmu amma sai ta ce babu shi.

Shina nan, rubutun ne ya bambanta. Taswirorin ƙasarmu da rubutun Faransanci aka yi su, don haka Tasawa sai ka rubuta Tessaoua, Gidan Rumji Guidan Roumdji, Madarumfa Madarounfa, Damagaram kuma Zinder. In bai hito ba ka gwada rabin sunan kawai. Sannan ka yi hattara da garuruwa masu suna iri guda, Sabon Gari da Gidan wane da Ɗan wane ba su ƙidayuwa, wani na Nijar wani na Najeriya. Kahin ka danna tahiya ka duba kilomita nawa ta ce, in garin da ka sani kusa da Tibiri ne ta ce maka awa shida, ba shi ba ne.

Zan iya sakin jiki da ita in zan tahi Yamai ko Damagaram?

Bisa gudoro babba babu matsala. RN1 ce, daga nan ka yi yamma Gidan Rumji, Madawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Dosso har Yamai, wajen kilomita 660, gabas kuma Cadawa, Agye, Gazawa, Tasawa har Damagaram, ƙasa da 250. Hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya, ko babu GPS ba ka ɓata. Amfaninta a nan shi ne ka san saura nawa ka kai gari na gaba don lissahin mai da sallah, da kuma in kun shiga Yamai da ba ka saba da ita ba.

Lokacin isa da take ba ka kuwa kar ka yi ma kowa alkawari da shi. Ba ta san shingen jandarma ba, ba ta san duwan da peyaj ba, ba ta san yau kasuwar wani gari ke ci amalanke da bisashe sun cika gudoro ba.

In na bar gudoro fa, kamar arewacin Dakoro ko ƙauyukan Mayahi?

To nan ne maganar take, kuma nan nike son a saurare ni da kyau. Manhaja tana neman hanya mahi gajarta ne bisa zanen da aka ba ta. Ba ta san rairayi ba. Ba ta san cewa hanyar da katkat ke bi ƙaramar mota ba ta iya ta ba, kuma ba ta san damina ba. Hanyar da ta ratsa Gulbin Maradi ko Gulbin Kaba ko kwarin Tarka cikin watan Maris lahiya lau, a watan Agusta tana iya zama ruwa ko laka mai riƙe mota kwana biyu, a taswira kuwa layin nan shina nan yadda yake bai canza ba. Haka hanyoyin da ke ratsa gonaki, da rani kowa na bi, da an yi shibka manomi ya ruhe abinsa sai a koma burtali.

Sannan maganar tsaro, wadda ta hi duka nauyi. Kowa ya san halin da wasu yankunan bakin iyaka ke ciki ta wajen Madarumfa da Gidan Rumji, satar mutane da ta shanu. Babu manhajar da za ta ce maka kar ka bi nan bayan la'asar. Don Allah in hanya baƙuwa ce gare ka, ka tsaya tasha ka tambayi direbobin da ke bin ta kullum, ka gaida mutanen gari ka tambaye su, in sun ce ka zagaya ka zagaya ko da wayar na ta kiran ka juyo. Wayar ta gaya maka inda kake, su kuma su gaya maka inda za ka bi.

Wata dabara mai amfani: ranar da ka bi hanyar daji tare da wanda ya san ta, ka kunna rubuta sawu a OsmAnd ko a na'urar hannu, ka sa alama wurin rijiya, wurin mararraba, wurin da rairayi ya yi yawa. Wannan sawun naka ya hi duk wata taswira da za ka sauke.

Su Garmin da TomTom har yanzu suna da amfani, ko waya ta kashe su?

Kashi biyu ne. Akwai na liƙawa a gilashin mota, irin wanda TomTom ta ƙasar Holan da Garmin ta Amurka suka cika duniya da shi kahin wayoyin zamani su yi ƙarhi. Waɗannan in ka gan su cikin kayan Turai na hannu, matsalarsu ɗaya da ta mota, taswirar can ce a ciki. Na Garmin ana iya zuba mishi taswirar OpenStreetMap ta kart memuwar, akwai kuma Tracks4Africa ta Afirka ta Kudu da ake haɗawa daga sawun matahiya, amma aiki ne na wanda ya iya kwamfuta. Ga direban gari ban ga ribar wahalar ba.

Kashi na biyu na riƙewa a hannu ne, irin Garmin eTrex, ɗan ƙarami mai maɓallai. Wannan kam bai mutu ba kuma ba zai mutu da wuri ba. Pil biyu irin na ƙaramin rediyo yake ci, suna kai shi wajen awa 20 ko hiye, in sun ƙare ka saye wasu a kowane tebur na ƙauye. Bai tsoron ruwa, bai tsoron ƙura, ya faɗi ƙasa ka ɗauka ka kakkaɓe, ekran ɗinsa kuma ana karanta shi cikin tsakar rana. Ma'aikatan gandun daji, likitocin dabbobi masu bin makiyaya ta wajen Bermo, masu haƙar rijiyoyi, masu ƙidayar gonaki, duk wanda zai kwana biyu uku inda babu wuta, shi ya dace da shi. Ba zai yi maka magana ya ce juya dama ba, kibiya da lambobi zai ba ka, don haka sai an ɗan koya.

Wayata tana zahi har ta kashe kanta in na sa ta gaban mota.

Dole ta yi. Apple da kansu sun ce wayarsu an yi ta ta yi aiki tsakanin digiri 0 da 35 ne, sauran ma kusan haka suke, mu kuwa a Afrilu da Mayu inuwa ma tana wuce 40, balle bayan gilashi. Ga GPS na aiki, ga ekran a kunne da cikakken haske, ga caji, zahi uku ke nan bisa na rana. Ka samu abin riƙe waya da ake maƙalawa a bakin iskar klim, ka cire mata riga, in hanya miƙaƙƙiya ce ka kashe ekran ka bar murya kawai. In ka ga bayan wayar ya fara kumbura batir ne, ka daina caji a kai ta wurin gyara ranar nan.

Ƴan kabu-kabu da masu adaidaita, ku kuma don girman Allah kar a riƙe waya a hannu ana tuƙi. Ka sa abin kunne guda ɗaya, ko ka tsaya gehe ka duba ka ci gaba.

Hazo ko hadari suna hana shi aiki?

Ba su hanawa, siginar na ratsa ƙura da girgije. Kwano da kankare ne ke tare ta, shi ya sa cikin rumfunan kasuwa ɗigon ke tsalle-tsalle. A hili kuskurensa bai wuce ƴan mitoci ba, wajen 5 a waya. Kahin watan Mayu na 2000, lokacin da Amurka ta daina gurɓata siginar farar hula da gangan, kuskuren na kai mita 100. In ka daɗe ba ka kunna ba kuma babu rezo, ka ba shi ƴan mintoci a hili ya nemo taurarin, da rezo kuwa nan da nan yake kamawa don wayar na samo bayanin inda suke ta intanet.

Gidajenmu ba su da lamba, ya zan yi ma baƙo kwatance?

Ka tsaya ƙofar gida, waje ba cikin ɗaki ba, ka buɗe WhatsApp ka jira ɗigon ya natsu sannan ka tura mishi lokalizasiyon. Akwai iri biyu, na wurin da kake tsaye, da mai bin ka duk inda ka yi na minti 15 ko awa 1 ko awa 8. Na gida na farkon za ka tura. Na biyun shina da kyau in ɗanka ko ƙaninka ya kama hanyar dare kana son ka san inda ya kai, amma shi sai da rezo. A sabbin unguwanni irin su Zariya da Ali Ɗan Sofo inda layuka suka yi kama da juna, ka ƙara mishi da kwatancen baki, kalar ƙofa ko masallacin da ke kusa, don mita biyar na iya kai shi ƙofar maƙwabci.

In zan shiga Katsina ta Ɗan Isa fa?

Ka sauke taswirar arewacin Najeriya tun kana gida, don wadda ka sauke ta Nijar tana tsayawa bakin iyaka. Tahiyar ba ta da nisa, wajen kilomita 90 ce ta Jibiya, amma da ka kusa iyaka wayar na iya barin Airtel ko Moov ko Zamani naka ta kama rezon ƙetare, kuɗinka su tahi ba ka sani ba. Ka kashe intanet na yawo, GPS bai buƙatarsa.

Ana iya auna gona da shi?

Ana iyawa, ka zagaya iyakar gonar da ƙafa riƙe da na'urar ta ba ka yawan eka ko hekta, hekta guda mita 100 ne tsawo 100 faɗi. Don lissahin iri da taki ya wadatar sosai, kuma babbar gona ta hi ƙarama hitowa daidai, don kuskuren mita uku zuwa biyar a hilin gida babban abu ne. Amma in maganar gado ce ko sayarwa ko rikicin iyaka, awon wayarka ba hujja ba ne, a tahi wurin mai gari da hukumar COFO mai kula da hilaye da gonaki a yi takarda gaban shaidu.

Wanda ake sa ma babur don ɓarayi, shi ma irin wannan ne?

Taurarin guda ne amma aikin daban. Shi ba ya gwada maka hanya, kai yake gaya ma inda babur ɗin yake, don haka dole a sa mishi pus mai kuɗi a ciki, don ta rezo yake turo labari. In an kai babur inda babu rezo zai yi shiru sai ya dawo inda akwai, wasu suna aje sawun su turo daga baya. Ka riƙa sa ma pus ɗin kuɗi kana duba shi lokaci lokaci, layin da aka daɗe ba a taɓa ba kamfani na iya ruhe shi. Ka nemi mai ɗan batir a cikinsa wanda zai ci gaba da aiki ko an cire batirin babur, kuma wurin da aka ɓoye shi ya tsaya tsakaninka da wanda ya sa maka. In har an sace kuma ka ga inda yake, kar ka tahi kai kaɗai, ka kai ma ƴan sanda ko jandarma wayar su gani ku tahi tare.